Wandon Hawan Keke a Hunturu da Malka: Wanne Ya Cancanci Kuɗinka

A ƙasar Kabi sanyi da ruwan sama ba sa haɗuwa. Hunturu yakan shigo wajen ƙarshen Nuwamba ya kai cikin Fabrairu, a bushe ƙayau, da hazonsa da iskarsa mai fasa leɓe. Ruwa kuma ba ya kankama sai Yuni, ya yi ƙarfi a Agusta, ya fara janyewa ƙarshen Satumba, ko da yake a Zuru da Yawuri yakan riga sauka, ya kuma daɗe bai ɗauke ba. Don haka mai hawan keke a nan matsala biyu gare shi, kowace da watanninta, kuma wandon da ya yi maganin ɗaya shi ne sau da yawa ke ba shi wuya a ɗayar.

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kekuna da yawa sun fito daga zaure. Malamin firamare da aka tura ƙauye, ɗalibin da ke kwana a Birnin Kebbi yana karatu a Kalgo, manomin shinkafa mai sammakon fadama a Argungu, yaron da ke kai albasa kasuwa a Aliero, duk sun koma taka feda. Za ka ga mutum ya sayi rigar sanyi mai kauri, ya naɗa rawani ko ya ja hula har kunne, ya samo safar hannu, amma daga ƙugu zuwa ƙasa wandon da ya kwana da shi ne. Alhali ƙafar ce ke yin aikin, ita ce kuma ta fi kusa da taɓo.

Ra'ayina tun daga farko shi ne, yawancinmu ba wandon da ruwa ba ya shiga muke bukata ba. Wanda ruwa ba ya daɗewa a cikinsa muke bukata, wanda kuma yake tare iska a gwiwa. Dalilin kuwa yana cikin yadda jiki ke asarar ɗumi. Ruwa yana janye zafin jiki kusan sau 25 fiye da iska, shi ya sa jiƙaƙƙen wando ke sa mutum karkarwa ko da a Agusta ne, lokacin da ba wani sanyin kirki ake yi ba. Sannan mai keke shi ke ƙirƙirar iskarsa. Ko da gari ya yi tsit, in kana gudun kilomita 15 ko 20 a awa, iska mai wannan ƙarfin ce ke dukan cinyarka da gwiwarka. Gwiwa kuwa ba ta da kitse ko tsoka mai kauri a gabanta, ita ke fara shan iska, kuma ita ke lanƙwasawa dubban sau kafin ka isa. Masu tseren keke na Turai suna da al'adar rufe gwiwa da zarar ma'aunin zafi ya sauka wajen digiri 15. Asubar Janairu a Birnin Kebbi takan kai nan, wata rana ma ta zarce ƙasa.

Abin da ke cikin akwatinka tun yanzu

Wandon shadda ko na yadi, wanda tela ya ɗinka maka tare da riga, shi ne abin da kashi mafi yawa ke hawa keke da shi, kuma yana da hujjarsa. Ka sauka ka shiga ofis, ka shiga masallaci, ka gaida manya, babu wanda zai kalle ka sau biyu. Naɗe shi don alwala ba wuya. Amma a hunturu faɗin ƙafarsa ne cutarsa: iska na shiga ta idon sawu ta haura har cinya, duk ɗumin da jikinka ya tara ta kwashe. Shaddar da aka buga da sitaci tana ɗan tare iska daga gaba, sai dai ba ta hana ta shigowa ta ƙasa. A damina kuma auduga ce, tana shan ruwa ta riƙe, ta manne wa cinya. Ga ƙafar dama da ke lilo kusa da sarƙa, inda baƙin giris ke jira. Wanda ya taɓa ganin haƙorin sarƙa ya cinye bakin sabuwar shadda ya san ba a gyara wannan ɓarna.

Jins ya fi shi a hunturu, dole a ba shi haƙƙinsa. Saƙarsa a matse take, iska ba ta ratsa shi da sauƙi, ƙafarsa ba ta da faɗi, kuma in ka faɗi a kan tsakuwa yana kare fata. Tafiyar minti 15 zuwa 20 da sanyin safe, jins ya isa. Abin da ke hana shi zama wandon doguwar tafiya ɗinkinsa ne. A hantsarsa akwai inda ɗinki huɗu suka haɗu suka yi tudu, kuma daidai nan mutum ke zama a kan sirdi. Daga Birnin Kebbi zuwa Jega da wannan tudun a ƙarƙashinka, za ka sauka kana tafiya a tale.

Idan ruwa ya sauka kuwa, babu wandon da ya kai jins mugunta. Auduga ce mai kauri, tana shan ruwa har ta yi nauyi, ta ƙage a gwiwa, ta riƙa goge matsematsi har fata ta saluɓe. A malka, lokacin da rana kan kwana biyu ba ta fito ba, jins ɗin da ya jiƙe yau da safe gobe ma da danshinsa. In ba ka ɗauki komai daga wannan rubutu ba, ɗauki wannan: daga Yuli zuwa tsakiyar Satumba jins ya zauna a gida.

Wandon motsa jiki, da tarkon da ke cikinsa

A tarin gwanjo kowane wando mai roba a ƙugu sunansa ɗaya, amma iri biyu ne da ba su da dangantaka. Akwai mai kauri mai laushi, mai gashi-gashi ta ciki, wanda hannu ke so da zarar ya taɓa. Yawancinsa auduga ce, ko auduga da ɗan gauraye. Mai gwanjo zai ɗaga maka shi ya ce, "Alhaji, wannan ai ko a Jos ka shiga da shi." Gaskiya ya faɗa in zama za ka yi a ƙofar gida. A kan keke iska na ratsa shi kai tsaye, saboda saƙarsa a sake take, in kuma ka yi zufa ko raɓar ciyawar fadama ta taɓa shi, ya sha ya riƙe. Ƙurar hunturu ma gidanta ne.

Ɗaya irin shi ne siriri mai santsi, na foliyesta ko nailan, mai ɗan ƙara in cinyoyi suka gogi juna, sau da yawa da raga ta ciki da zif a idon sawu. Ba shi da kwarjini a hannu, amma a ganina shi ne wandon da ya fi dacewa da mai keke a Kabi, in har ɗaya kawai zai iya saya. Zaren foliyesta kusan ba ya shan ruwa: a iska mai laima auduga kan riƙe ruwan da ya kai wajen kashi 8 cikin ɗari na nauyinta, foliyesta kuwa ko kashi 1 ba ya kaiwa. Ruwa zai jiƙa ka, ba shakka, amma yana ɗaukewa iskar gudunka ta fara busar da wandon a jikinka. Taɓo in ya bushe a kansa kaɗewa kawai ake yi. A wanke da dare, da asuba ya bushe ko da a ɗaki aka shanya. A hunturu kuma matsattsiyar saƙarsa na tare iska fiye da wancan mai kaurin.

Aibinsa biyu. Shi kaɗai ba ya ɗumama mutum, iska kawai yake tarewa, don haka a sanyin muku-muku sai da wani abu a ƙarƙashinsa. Na biyu, yana riƙe warin zufa fiye da auduga, dole a riƙa wanke shi a kai a kai.

Abin da ake sawa a ƙarƙashin shi ne dogon wandon ciki mai kama jiki, irin wanda 'yan ƙwallo ke sawa a ƙarƙashin gajeren wando, ko irin na sanyi da ke zuwa cikin dilar gwanjo daga Turai. Aikinsa shi ne riƙe siririyar iska mai ɗumi a jikin fata da kuma janye zufa ta fita waje. Roba-robar da ke sa shi kama jiki zare ne da kamfanin DuPont na Amurka ya ƙirƙiro a 1958, wanda ake sayarwa da sunan Lycra, kuma kaɗan ake gaurayawa cikin yadin. Nemi na foliyesta. In ka yi sa'a ka ci karo da na ulu mai laushi, kada ka bar shi: ulu na iya shan danshi kusan kashi 30 cikin ɗari na nauyinsa ba tare da ka ji shi sharkaf ba, yana ci gaba da ɗumama ka ko da ya jiƙe, kuma ba ya saurin wari. Na auduga kuwa, na kwanciya ne.

Wannan wandon ciki shi ne maganin matsalar mai shadda ma. Malamin da ba zai yiwu ya shiga aji da wandon motsa jiki ba, ya sa shi a ƙarƙashin wandonsa na kullum, ya ɗaure bakin ƙafar dama da roba ko ya cusa shi cikin safa, shi ke nan. Iskar da ke shigowa ta ƙasa ba za ta tarar da fata tsirara ba. Yaran da ke taka keke zuwa makaranta da kayan makaranta masu shara-shara su ma abin da ya kamata a saya musu ke nan, kafin a ƙara musu rigar sanyi ta biyu. Abin lura ɗaya: hunturunmu na safe ne. Hantsi na yi, zafi ya haura digiri 30, kuma wandon da ya cece ka ƙarfe shida zai dame ka ƙarfe goma sha ɗaya. Sai ka samu inda za ka cire shi, ya shige aljihun jaka tunda ba shi da girma. Sannan ka gwada ko ƙafarsa na ja sama har ta wuce idon sawu ba tare da kokawa ba, saboda alwala.

Akwai dabara mai rahusa ga wanda cirewar ke yi wa wuya. Masu tsere suna da wata riga ta ƙafa zalla, ba ƙugu, daga cinya zuwa idon sawu ko kuma iya gwiwa, wadda ake zarewa ba sai an tuɓe wando ba. Doguwar safar 'yan ƙwallo da aka yanke wa tafin ƙafa, aka ja ta ta rufe gwiwa, tana yin kusan wannan aikin. In rana ta ɗaga ka tura ta ƙasa.

Wandon ruwa

A nan ne kuɗin mutane ya fi salwanta. Mai keke ya ga ɗan kabu-kabu sanye da rigar ruwa da wandonta, ruwa na zuba kamar da bakin ƙwarya shi kuwa ko a jikinsa, sai ya je ya sayo irinsa. Ya manta cewa ɗan kabu-kabu zaune yake, inji ke aiki. Mai keke shi ne injin. Wandon roba ba ya barin ruwa ya shiga, haka kuma ba ya barin tururin jiki ya fita. Kamar malmalar tuwo mai zafi ce da aka ƙulle a leda: ba ruwan da ya shiga daga waje, amma in ka kwance za ka tarar da ita jiƙe sharaf. Bayan minti 15 na taka feda a laimar Agusta, wandon da kake ƙoƙarin karewa ya jiƙe da zufa, kuma jiƙewar zufa ta fi ta ruwan sama ƙazanta da ƙaiƙayi. Ƙari a kan haka, ba a yanka shi don lanƙwasa gwiwa ba. Yana ja a cinya, yana tattarewa sama ya bar idon sawu a buɗe, kuma hantsarsa ce ke fara yagewa, wato daidai wurin da ruwan sirdi ke taruwa.

Duk da haka ban ce a jefar da shi ba, domin akwai wanda shi ne daidai da shi. In tafiyarka gajera ce, daga unguwa zuwa sakatariya ko zuwa kasuwa, kilomita biyu ko uku a hanya mai kwance, kuma dole ka isa da kaya masu tsabta, wandon roba a kan kayanka ya fi komai. Taka a hankali don kada zufa ta karyo, ka cire shi da zarar ka sauka. Yana da wata fa'ida da ba kasafai ake ambata ba: ruwan da taya ke watsowa a cikin gari bayan an yi ruwa ba ruwan sama ba ne zalla, har da abin da kwata ta amayo. Wanda zai yi salla da kayan jikinsa yana da dalilin rufe su da abin da za a ɗauraye a rataye.

Sama da wannan akwai wandon ruwa mai numfashi. Cikin yadinsa akwai wata siririyar fata mai ƙananan ƙofofi da ɗigon ruwa ba ya iya ratsawa amma tururi na fita. Wadda aka fi sani ita ce Gore-Tex, da ta samo asali daga abin da Bob Gore ya gano a Amurka a 1969, ko da yake yanzu kamfanoni da yawa na da irin tasu. A jikinsa ko a takardarsa akan rubuta lamba da milimita, ma'ana tsawon ruwan da za a tara a kan yadin kafin ya fara yoyo: 5,000 na yayyafi ne, 10,000 ya isa ruwan yau da kullum, 20,000 na mai wuni a cikin ruwa. Sabo yana da tsada ƙwarai. Kuma ga abin da mai sayarwa ba zai gaya maka ba: tururi na fita ne in waje ya fi ciki sanyi da bushewa. A ƙasar da aka yi shi dominta haka abin yake. A Yawuri cikin Agusta, iskar waje da kanta cike take da laima da ɗumi, don haka numfashin nasa raguwa yake sosai. Za ka biya kuɗi mai yawa ka sami sauƙi kaɗan. In ya faɗo maka a gwanjo da araha, ɗauka. Amma ka juya cikinsa tukuna: in farar fatar ta fara ɓarewa tana zuba kamar gari, ko siririn tef ɗin da aka liƙe bayan ɗinki ya ɗago, ya gama aiki, komai kyan wajensa.

To mai doguwar tafiya a damina fa? Amsar da manoman fadama suka daɗe da sani ita ce daidai: a bar ƙafa ta jiƙe. Ruwanmu ba mai ƙanƙara ba ne, fata kuma ta fi kowane yadi saurin bushewa. Sa siririn wandon foliyesta, ko wanda ya tsaya ƙasa da gwiwa kaɗan, ka naɗe wandon kirki ka ƙulle a leda biyu ka ɗaure a kariya. Ka isa, ka goge jiki, ka sauya. Mai wannan tsari zai fi mai wandon roba isa a bushe, kuma bai kashe komai ba sai kuɗin leda. Sharaɗin kawai shi ne kada ka zauna da jiƙaƙƙen kaya bayan ka sauka, domin sanyin na kama mutum ne lokacin da ya daina takawa.

Kafin ma a kai ga wando, duba kekenka. Rabin jiƙewar ƙafa ba daga sama take zuwa ba, tayar gaba ce ke feso ta kan ƙwauri da takalmi, ta baya kuma ta zana maka layin laka daga mazaunai zuwa wuya. Tsofaffin kekunanmu irin su Raleigh da Phoenix suna zuwa da marufin taya gaba da baya, da murfin sarƙa. Kekunan gwanjo masu giya da samari ke so yanzu yawanci tsirara suke zuwa. Kuɗin da za ka ba mai gyaran keke ya ɗaura maka marufin taya, ya ƙara ɗan yankin roba a ƙasansa, ya fi yi wa ƙafarka amfani a kan bambancin da ke tsakanin wando mai tsada da mai araha.

Wandon masu tsere, da wanda zai tafi Turai

Akwai wando na musamman da aka yi don keke: dogo, mai kama jiki, da igiyoyi biyu da ke ratayawa a kafaɗa maimakon roba a ƙugu, da soso a hantsa. Ba a sa komai a ƙarƙashinsa, domin ɗinkin wandon ciki ne ke jawo gogewa. Na lokacin sanyi yana da laushi ta ciki, wasu kuma an ƙara musu yadi mai tare iska a gaban cinya da gwiwa. Wajen jin daɗin doguwar tafiya babu kamarsa. Amma a garinmu ba a fita da shi haka nan, yana bayyana surar jiki, ba a salla da shi shi kaɗai, kuma igiyoyin kafaɗar na mayar da kama ruwa aiki babba. Mai sha'awar tafiyar kilomita 50 daga Birnin Kebbi zuwa Argungu don motsa jiki, gara ya nemi gajere mai soso marar igiya, ya ɗora wandon foliyesta a kai. Ya sami sauƙin zama, ya kuma tsira da mutuncinsa.

Lissafin na sauyawa gaba ɗaya ga ɗanmu da ya sami karatu a Ingila ko Jamus ko Holan, inda keke ne abin hawan ɗalibi. A can sanyi da ruwa tare suke zuwa. A Landan cikin Janairu, da rana ma'auni na wajen digiri 8, da dare ya sauka 2 ko 3, ga yayyafi mai naci, ga rana na faɗuwa kafin ƙarfe huɗu a Disamba. Shawarar a bar ƙafa ta jiƙe ba ta aiki a can, domin jiƙewa a digiri 4 da iska hatsari ce ga lafiya, ba rashin jin daɗi kawai ba. A nan ne wandon ruwa mai numfashi ya cancanci kuɗinsa, tunda iskar waje mai sanyi na ba tururi hanyar fita.

Ga mai zuwa aji, tafiyar minti 20 ko ƙasa da haka, abin da ya fi shi ne wandon ruwa na ɗorawa a kan kaya, mai dogon zif a gefe yadda zai shiga ba sai an cire takalmi ba, wanda kuma aka yanka shi da tsawon da zai rufe idon sawu ko gwiwa na lanƙwashe. A kwanakin da ba ruwa sai sanyi, wandon ciki na ulu ko foliyesta a ƙarƙashin jins ya wadatar. Ga mai tafiyar da ta kai awa guda, wandon masu tsere na sanyi mai tare iska ya fi, domin ko ya jiƙe yana riƙe ɗumi muddin kana takawa, sai ka sauya in ka isa. Kada a sayi waɗannan kaya a nan gida a ɗauka, a bari a isa can, inda shaguna irin su Decathlon ke da su kala-kala kuma za a iya gwadawa. A zaɓi mai ɗigon abu mai ƙyalli a ƙwauri ko idon sawu. Ƙafar da ke hawa da sauka direba ya fi saurin gane ta a duhu. Wannan ma bai tsaya ga Turai ba: mai sammako a hanyar Jega cikin hazo, tsakanin manyan motoci, yana bukatarsa ko fiye da su.

A gaban mai gwanjo

Kada ka yarda da hannu kaɗai. Nemo 'yar takardar da ke ɗinke a ƙugu ko a gefen ciki, tana faɗin kashi nawa ne auduga, kashi nawa foliyesta ko nailan ko ulu. In ta goge, kafa bakinka a yadin ka hura da ƙarfi, hannunka na ɗaya gefen: in ka ji iskar ta fita sosai, ta hunturu ma za ta shiga. Ɗiga masa ruwa daga ledar ruwan da ke hannunka ka ga ko ya dunƙule ya gangara ko ya nutse nan take. Sannan ka gwada shi yadda za ka yi amfani da shi, ba a tsaye ƙiƙam ba. Ɗaga gwiwa ɗaya har ta kai ƙugu, ka sunkuya gaba. Wandon da ya yi maka daidai a tsaye, a kan keke yakan zame ta baya ya bar ƙugu a waje, ya kuma haura ƙwauri. Gara ya ɗan fi ka tsawo.

Kayan foliyesta da nailan ba sa son dutsen guga mai zafi, ba a kai su wurin bugu, wandon ruwa kuma ba a murɗe shi wajen matsewa. Sannan a kiyaye wuta. Da sanyin asuba kowa na matsawa kusa da murhun mai shayi ko wutar kara, kuma waɗannan yaduka ba kamar auduga suke ƙonewa ba, narkewa suke su manne a fata. Tartsatsi ɗaya ya isa ya huda wandon ruwa, abin da ya fi tartsatsi kuwa sai asibiti.

Tela ma yana da rawar da zai taka, in ka san abin da za ka ce masa. Wandon yadi da za ka riƙa hawa keke da shi, ce ya yi maka tsala, ya ƙara tsawon baya a ƙubaka, ya kuma sa ƙyalle mai siffar lu'ulu'u a hantsa yadda ɗinki ba zai haɗu a wurin zama ba. Akwai kuma wani abu da aka ƙirƙiro a Holan, mai suna Rainlegs, wanda ya rufe saman cinya da gwiwa kaɗai, bisa lura da cewa a kan keke nan ne ruwan sama ya fi sauka, bayan ƙafa kuwa a buɗe yake don zufa ta fita. Wannan ya fi cikakken wandon roba dacewa da damina irin tamu, kuma duk telan da ke bakin kasuwa zai iya kwaikwayonsa. Kai masa tsohon wandon ruwa da ya yage a hantsa, ya yanke bayan ƙafafuwan ya bar gaba har ƙasa da gwiwa da kamar taƙi ɗaya, ya bar robar ƙugu yadda take, ya sa madauri ɗaya a tsakiyar cinya, ɗaya a ƙarƙashin gwiwa. Ka gaya masa kada ya yi ɗinki a tsakiyar yadin, domin kowace hudar allura ƙofar ruwa ce, ya tsaya a gefe-gefe kawai.